Wa zai gaji rumbun bayananmu?

Takardar farko da jaridar Guardian ta wallafa daga tarin takardun sirri da Edward Snowden, tsohon ɗan kwangilar hukumar leƙen asirin Amurka, ya kwarmata, a farkon watan Yunin 2013, ba ta ce ana sauraron wayar kowa ba. Umarni ne daga wata kotun sirri a Amurka zuwa ga kamfanin Verizon, cewa kullum ya riƙa miƙa wa hukumar leƙen asiri ta NSA jerin kiraye-kirayen masu amfani da layinsa: wa ya kira wa, da ƙarfe nawa, minti nawa suka yi. Ba a nemi muryar kowa ba. Bayan kwana biyu Shugaba Obama ya fito ya ce wa Amurkawa su kwantar da hankalinsu, babu mai sauraron wayarsu. A kan wannan shirin dai gaskiya ya faɗa. Sai dai a ganina wannan gaskiyar tasa ta yi ɓarna, don ta sa mutane suka ɗauka cewa abin da baki ya furta shi kaɗai ne sirri, sauran kuwa tarkace ne.

To bari mu duba tarkacen. A ce mace ce, da safe aka kira ta daga ɗakin gwajin jini na wani asibiti, minti biyu. Tana ajiyewa ta kira mijinta, bai ɗauka ba, ta sake kira, ta kuma sakewa. Daga nan ta kira mahaifiyarta suka yi minti arba'in. Da daddare wayarta ta kwana a unguwar da ba ta saba kwana ba, washegari kuma ta kira lauya. Ni ban ji ko kalma ɗaya ba, kai ma ba ka ji ba, amma dukanmu mun san gidan nan ba lafiya. Sauraron murya aiki ne mai cin lokaci, sai an samo mai jin yaren, mai gane habaici da zaurance, mai haƙurin jiran a gama doguwar gaisuwa. Sawun kira kuwa lambobi ne zalla, kwamfuta tana tace na mutum miliyan a zama guda, kuma lamba ba ta iya habaici ba.

Ba ma sai ka yi kira ba. Waya ba ta aiki sai tana sanar da turken sadarwa mafi kusa cewa ga ta nan, don in an neme ka a san inda za a tura kiran. Tana cikin aljihu, kana tafiya, ita kuma tana ta sallama daga wannan turke zuwa wancan, kamfani yana rubutawa. A ƙasashe sama da 150 kuma ba a sayar wa mutum da layi sai ya yi rajista da sunansa da katin shaida, wasu har da zanen yatsa da hoton fuska. Ke nan sawun nan da sunan mai shi a jiki.

Wani ɗan siyasa a Jamus, Malte Spitz, ya so ya ga nasa da idonsa. Ya kai kamfanin Deutsche Telekom ƙara har aka ba shi abin da suka tara a kansa daga Agustan 2009 zuwa Fabrairun 2010, wata shida kacal, sai ga jeri 35,830. Ya miƙa wa jaridar Die Zeit, su kuma a 2011 suka ɗora bayanan a kan taswira mai motsi. Kana dannawa sai ka ga ɗigo yana tafiya: ya hau jirgin ƙasa, ya sauka a wani gari, ya daɗe a wani gini, ya tsaya cak da dare. Bayan na kalli wannan ne na buɗe tarihin wurare a manhajar taswirar da ke wayata. Na ga ranar da na raka wani aboki asibiti alhali ya roƙe ni kada kowa ya sani, har da lokacin da muka shiga da lokacin da muka fito. Na riƙe masa amana, ban gaya wa kowa ba. Ashe wayata ta rubuta, tasa ma ta rubuta, kuma duk mai riƙe da jerin biyu zai ga mun shiga tare. Wani bincike da aka wallafa a 2013, a kan bayanan mutum miliyan ɗaya da rabi da aka cire wa sunaye, ya nuna cewa sanin inda mutum yake a lokuta huɗu kawai ya isa a ware kashi 95 cikin ɗari daga cikinsu ɗaya bayan ɗaya. Don haka in na ji jami'i yana cewa ai an goge sunaye, ba na jin sanyi a raina. Janar Michael Hayden, wanda ya shugabanci NSA ya kuma shugabanci CIA, ya faɗa a bainar jama'a a 2014 cewa da irin waɗannan bayanan suke dogara su kashe mutane.

Da yayana na fi yin gardamar nan, kuma ba mutumin da ake kayarwa da sauƙi ba ne. Duk lokacin da na tayar da maganar sai ya ce, "Kai dai ka cika tsoro. Mai kaza a aljihu ne ba ya jimirin as. Ni su duba, me za su gani? Gaisuwar 'yan'uwa da masu bina bashi." In na matsa sai ya fito da babbar hujjarsa: "Yanzu a ce an sace maka ɗa, Allah Ya kiyaye, ba kai ne za ka fara roƙon a bi sawun wayar ɓarayin ba?"

"Ni ne kuwa, Yaya," nake ce masa, kuma har zuciyata. Ba na cikin masu cewa kada hukuma ta taɓa bin sawun kowa. In akwai wanda ake zargi, a je gaban alƙali, a faɗi dalili, a karɓi izini a kan mutumin nan na wani lokaci ƙayyadadde. Wannan aikin ɗan sanda ne tun kafin a ƙirƙiro waya. Abin da Snowden ya fallasa wani abu ne daban: a kwashe na kowa tukuna, mai laifi da marar laifi, a tara, sai daga baya a nemi dalili. Kuma ko ta fuskar amfani, hujjar ba ta tsaya da ƙafafunta ba. A Janairun 2014 kwamitin da gwamnatin Amurka da kanta ta kafa don sa ido kan sirri da 'yancin jama'a ya binciki shirin tara kiraye-kirayen, ya ce bai samu ko da misali ɗaya na barazana ga ƙasar ba inda shirin ya sauya sakamakon binciken ta'addanci.

Amma ba wannan ce ta fi damuna ba. Tambayar da nake yi wa Yaya ita ce: "Na ji ka yarda da masu mulkin yau. Waɗanda za su zo bayansu fa, ka san su?" Gwamnati tana faɗuwa zaɓe, ana juyin mulki, ana mamaye ƙasa. Rumbun bayanai kuwa ba ya bin wanda ya gina shi in ya tafi. Yana nan, wanda ya shigo ya tarar da shi a shirye.

Ƙasar Holan tana da rajistar jama'a mai tsari ƙwarai kafin yaƙin duniya na biyu, suna da adireshi da addinin kowa. Da kyakkyawar niyya aka yi ta, don gudanar da mulki da hidimar jama'a. A watan Mayun 1940 Jamus ta mamaye ƙasar, 'yan Nazi suka tarar da aikin an riga an yi musu rabinsa. Cikin Yahudawa kusan 140,000 da ke ƙasar, an kashe sama da 100,000, wato kusan kashi uku cikin huɗu, alhali a Faransa kusan kashi ɗaya cikin huɗu ne. Masana tarihi suna kawo dalilai da dama, amma rajistar tana cikinsu. Su kansu mutanen lokacin sun gane haka. A daren 27 ga Maris 1943 wasu 'yan gwagwarmaya suka sa kayan 'yan sanda, suka shiga ofishin rajista na Amsterdam suka cinna masa wuta. Wani ɓangare ne kawai na takardun ya ƙone, kuma an kama da yawansu aka harbe su. Ka duba, mutane sun ba da ransu don su ƙona takardun da iyayensu suka cike da hannunsu, ba tare da fargabar komai ba, ranar da babu wanda yake ganin addininsa abin ɓoyewa ne.

A Ruwanda, Turawan Beljiyam ne suka fara rubuta ƙabila a katin shaida tun shekarun 1930, gwamnatocin bayan 'yancin kai suka ci gaba da haka. A 1994, a shingayen kan hanya, katin nan ake karɓa a duba kafin a yanke wa mutum hukuncin rai ko mutuwa. Na kusa-kusa kuma Afganistan. Sojojin Amurka da gwamnatin da suke mara wa baya sun shekara da shekaru suna ɗaukar zanen yatsa da hoton ƙwayar idon mutane, ciki har da sojoji da 'yan sanda da masu yi musu tafinta. Da Taliban ta karɓi Kabul a Agustan 2021, wasu daga na'urorin suka faɗa hannunta. A 2022 wasu masu bincike a Jamus suka sayi irin na'urar a kasuwar eBay a kan dala 68, suka tarar da sunaye da hotuna da zanen yatsun mutum 2,632 a ciki, ko kulle su ba a yi ba. Duk wanda ya ɗora yatsansa a kan na'urar nan an ce masa don tsaronsa ne. Kalmar sirri in ta fita ana sauya ta, yatsa kuwa da shi za a binne mutum.

Ko ba a sauya gwamnati ba, masu riƙe da mabuɗin 'yan Adam ne, suna da kishi da gaba da son abin duniya. A 2013 babban mai binciken cikin gida na NSA ya amsa cewa an samu lokuta goma sha biyu da ma'aikata suka yi amfani da kayan aikin hukumar da gangan ba bisa ƙa'ida ba, akasari don leƙen matansu ko masoyansu. Waɗanda aka gano ke nan. A 1964 hukumar FBI ta naɗi sirrin Martin Luther King, jagoran fafutukar haƙƙin baƙaƙen fata a Amurka, ta aika masa da wasiƙa marar suna mai nuna masa cewa gara ya kashe kansa. A yau sunansa ake ba tituna. A watan Maris na 2013 kuma, wata uku kafin Snowden, an tambayi shugaban leƙen asirin Amurka James Clapper a gaban majalisar dattawa ko NSA tana tara bayanan miliyoyin Amurkawa, ya ce a'a. Wannan a ƙasar da ke da majalisa mai ƙarfi da kotuna da jaridu masu haƙori ke nan. Sai ka auna inda babu ko ɗaya.

Labarin da ya fi tsaya min a rai shi ne na Ahmed Mansoor, mai fafutukar kare haƙƙin ɗan Adam a Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa. A Agustan 2016 saƙo ya shigo wayarsa ta iPhone, wai ga sababbin bayanai a kan azabtar da fursunoni, ya danna nan. An san abin da zai ja hankalinsa. Bai danna ba, ya tura wa masu bincike na Citizen Lab a Jami'ar Toronto. Su suka danna a wata waya, suka ga yadda manhajar Pegasus ta kamfanin NSO na Isra'ila take shiga ta mallake waya gaba ɗaya: saƙonni, hotuna, makirfo, kyamara. Apple ya yi gaggawar toshe kafar. Shi kuwa Mansoor an kama shi a 2017, aka yanke masa shekara goma a 2018 saboda abin da ya rubuta a shafukan sada zumunta. Daga baya ma aka daina buƙatar ka danna komai. A 2019 WhatsApp ya kai NSO ƙara cewa an kai wa masu amfani da shi kusan 1,400 hari ta hanyar kira kawai, ko ba ka ɗauka ba. Kamfanin NSO kullum cewa yake yi gwamnatoci kaɗai yake sayar wa, don yaƙi da ta'addanci da manyan laifuka. Amma a Meziko an samu an auna har masu fafutukar a sa haraji a kan lemon kwalba, ciki da wani masanin kiwon lafiya. Ban san wane irin ta'addanci ne wannan ba. A Yulin 2021 gungun kafafen yaɗa labarai tare da Amnesty suka fitar da rahoto a kan jerin lambobi kusan 50,000 da ake zargin abokan cinikin kamfanin sun zaɓa, ciki har da 'yan jarida da lauyoyi da lambar Shugaba Macron na Faransa. NSO ya musanta, kuma ba kowace lamba ce aka tabbatar an yi wa kutse ba. Duk da haka, a Nuwamban shekarar Amurka ta sa kamfanin a jerin waɗanda ta taƙaita ciniki da su.

Akwai kuma roƙon da gwamnatoci ba sa gajiya da shi, cewa a bar musu wata ɓoyayyar ƙofa a cikin rufaffun saƙonni, su kaɗai za su riƙa bi. An gwada. A Girka, tsakanin 2004 da 2005, wasu suka shiga ta tsarin sauraron waya na halal da ke cikin na'urorin Vodafone, suka yi watanni suna sauraron wayoyi sama da 100, har da ta firaminista. A 2024 jami'an Amurka suka ce masu kutse masu alaƙa da Sin sun shiga manyan kamfanonin sadarwar ƙasar, har da tsarin da doka ta tilasta a gina don buƙatun hukuma. Sin ta musanta. Abin dariya, a Disambar shekarar jami'an Amurkan da kansu suka shawarci jama'a su koma amfani da manhajoji masu rufe saƙo, waɗanda aka daɗe ana kuka da su.

Ɓarnar da ba a iya ƙirgawa ita ce wadda mutum yake yi wa kansa. Na sha rubuta ra'ayina a kan wani mai mulki, in karanta, in goge. Babu wanda ya kira ni, babu wanda ya yi min barazana, kawai dai na tuna cewa rubutu ba ya mutuwa. Wani masani, Jonathon Penney, ya duba maƙaloli 48 na Wikipedia masu alaƙa da ta'addanci, ya ga masu karanta su sun ragu sosai bayan Yunin 2013. Karatu kawai fa, ba laifi ba ne a ko'ina. Mutane sun ji tsoron a gan su suna neman sani. Alƙur'ani a Suratul Hujurat ya hana bin diddigin asirin mutane a aya ɗaya da hana mummunan zato da gulma, kuma na ga hikimar haɗa su, don inda aka san ana leƙe, zato ne yake fara lalacewa, kowa ya riƙa kallon na kusa da shi a kaikaice.

In sa ido bai wadatar ba sai a kashe fitilar gaba ɗaya. Masar ta yi haka kwana biyar a farkon 2011. Sudan ta katse intanet fiye da wata guda bayan kisan masu zaman dirshan a Khartoum ranar 3 ga Yunin 2019, Iran ta yi kusan mako a Nuwamban shekarar ana harbin masu zanga-zanga, yankin Tigray na Habasha ya yi kusan shekara biyu a rufe. Ƙungiyar Access Now ta ƙirga katsewa 283 a ƙasashe 39 a 2023 kaɗai, Indiya ce a gaba. Dalilin da ake bayarwa kusan kullum ɗaya ne, tsaro ko hana jita-jita, ranakun kuwa sai su dace da zaɓe ko zanga-zanga.

Ni abin da nake iyawa kaɗan ne, kuma ina yi. Ina sabunta manhajar waya da zarar sabuwa ta fito, don yawancin kutse ta tsofaffin kafofi yake shiga. Na kashe tarihin wurare, na hana manhajar da ba ruwanta da inda nake sanin inda nake. Maganar da ta shafi asirin wani ina yin ta a manhaja mai rufe saƙo tun daga wayata har wayar mai karɓa. A 2016 masu gabatar da ƙara a Amurka suka nemi kamfanin Signal, mai irin wannan manhajar, ya miƙa bayanan wasu masu amfani da shi, abin da ya iya bayarwa biyu ne: ranar da aka buɗe asusun da ranar ƙarshe da aka shiga. Sauran bai tara ba balle ya bayar. Sai dai kada a ruɗi kai. VPN yana ɓoye wa kamfanin layi shafin da ka shiga, amma ya mayar da amanar hannun mai VPN ɗin, wanda ba ka san shi ba. In Pegasus ta shiga waya, rufe saƙo ba ya hana ta karanta abin da ke kan allo. Turken sadarwa kuma babu manhajar da ke ɓoye ka daga gare shi muddin layinka yana kunne.

Wannan ɓangaren sai doka, kuma an ɗan samu nasara a can. A Afrilun 2014 kotun Tarayyar Turai ta soke dokar 2006 da ta tilasta wa kamfanoni ajiye sawun kowa daga wata shida zuwa shekara biyu. A Mayun 2015 wata kotun ɗaukaka ƙara a Amurka ta ce doka ba ta ba NSA izinin tara kiraye-kirayen nan ba. A 2017 alƙalai tara na kotun ƙolin Indiya suka haɗu a kan cewa sirri haƙƙi ne na asali a tsarin mulki. Wadda na fi so ita ce ta Afirka ta Kudu. Ɗan jarida Sam Sole ya daɗe yana zargin ana sauraronsa, bai samu tabbaci ba sai da ya ga hirarsa ta 2008 da wani mai gabatar da ƙara an rubuta ta kalma bayan kalma a cikin takardun wata shari'a da ta shafi Jacob Zuma, shekaru bayan an naɗe ta. Shi da cibiyarsu ta amaBhungane suka shigar da ƙara. A Fabrairun 2021 kotun tsarin mulki ta ce kwasar bayanan jama'a a dunƙule ba shi da tushe a doka, ta kuma ce duk wanda aka saurara da izinin alƙali dole a sanar da shi cikin kwana 90 bayan izinin ya ƙare, sai fa in an koma gaban alƙali an nuna dalilin jinkirtawa.